Yadda muka haɗa wa Autarmu kayan ɗaki a zamanin POP da ruwan toka

Da aka sa ranar bikin Autarmu Umma ta ce maganar kayan ɗaki ta dawo wuyana tunda ni ce babba, ita nata addu'a da kuɗin da Abba ya ware da ɗan abin da ta kwasa a adashe. Ƙarshen 2024 ne, kuma duk wanda ya shiga kasuwa a shekarar nan ya san halin da ake ciki, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500, to kayan ɗaki kuwa kusan komai nasu ko daga waje yake zuwa ko kayan haɗinsa daga waje suke, yadin kujera, allon katako, hannun durowa, fitila, har gam ɗin da ake manne abu. Kuɗin da a bikina ya yi min gado da kujeru da kicin, a nata kujerun kaɗai suke nema su cinye shi.

Auta kuma ta riga ta cika waya da hotuna daga Instagram da TikTok, kuma wallahi ban ga laifinta ba don abin yana da kyau. Wanda bai leƙa ɗakunan amaren yanzu ba bari in ɗan faɗa masa abin da ake yayi. Falo ruwan toka ko ruwan madara, silin na POP mai hawa biyu an ɓoye fitila a cikinsa tana hasko gefe, bangon talabijin an manna masa allo mai sheƙi mai zanen mabul an sa katako mai layi-layi a gefensa, kujera mai lanƙwasa ko doguwa mai kwana irin ta L, teburin tsakiya zagayayye guda biyu ƙaramin yana shigewa ƙarƙashin babban, labule tun daga silin har ƙasa, sai fulawar roba doguwa a kusurwa. Kujerun nan na royal masu sassaƙa da ruwan gwal da aka yi ta rububinsu shekarun baya sun fara ja da baya, shogilas kuwa an daina ma maganarsa. Mutane yanzu sarari suke so, kaya kaɗan masu tsafta. Wannan ɓangaren na yayin ni ina sonsa sosai, amma na ce mata duk hoton da ta nuna min sai mun tambaye shi abu uku, zai jure ƙurar hunturu, zai jure zafin Kano, kuma in an ɗauke wuta yaya ɗakin zai koma.

Kafin mu taka kasuwa sai da na sa aka karɓo mana makullin gidan daga wajen dangin ango, muka tafi da tef ɗin awo da littafi. Gidan haya ne, hawa na sama, ɗaki biyu da falo da kicin. Falon ƙafa 14 ne a tsawo 12 a faɗi, kuma bango ɗaya ƙofa ta cinye shi ɗaya kuma taga. Nan take lissafi ya canja, domin saitin kujeru na mutum bakwai da aka saba yi, wato mai uku da mai biyu da ɗai-ɗai guda biyu, in aka zuba su a falon nan aka ƙara teburin tsakiya to ko wurin shimfiɗa darduma ba za a samu ba, kuma mu gidajenmu in mata suka zo barka ko gaisuwa rabi a ƙasa suke zama. Na auna faɗin ƙofar shigowa da kwanar matattakala, don akwai kujerar da za ta yi kyau a shago amma ba za ta hau bene ba sai an ɓalle ta. Na duba inda soket yake, na duba inda rana take faɗuwa, tagar uwar ɗaka yamma take kallo wato daga la'asar ɗakin zai ɗau zafi. Na ɗaga kai na duba silin ko akwai tabon yoyo, na shafa ƙasan bango ko yana fitar da gishiri. Dan Allah duk mai shirin kayan ɗaki ta fara da wannan awon, kyauta ne kuma shi yake yanke rabin gardamar da za a yi a gida.

Yadda aka saba a nan, gyaran gida na ango ne, fenti da wuta da famfo da tayil, mu namu abin da za a zuba a ciki. To da Auta ta nuna masa hoton silin mai hawa biyu sai ya ce zai sa a fasa wanda yake wurin a yi sabo. Na kira shi na ce, ƙanina, gidan nan na haya ne, duk abin da ka manna a sama ranar tashi a nan za ka bar shi, silin ɗin da yake ciki POP ne shafaffe lafiyayye babu tsaga, ka bar shi ka sa kuɗin a wayarin da fenti mai kyau. Ya ce to Yaya yadda kika ce. Kuma tsarin aikin yana da muhimmanci, mai wuta shi ne farko, ya ƙara soket a bayan inda talabijin zai zauna ya binne bututun da waya za ta bi a cikin bango, ya sa soket a gefen gado hagu da dama, sannan a zo a yi sukiridin a goge bango ya yi sumul, sannan fenti, sannan a wanke tayil, kafinta ya biyo baya, labule shi ne ƙarshe. In aka juya tsarin nan sai ka ga an gama fenti mai wuta ya zo yana fasa bango.

Kalar fenti mun ɗan ja da Auta. Ita ruwan toka mai duhu take so irin na hoton, ni kuma na ce waɗannan hotunan da fitilu goma a kunne ake ɗaukarsu, ranar da babu wuta da rana tsaka ɗakin zai yi duhu ya kuma ƙara matsewa. Sai muka sa mai fenti ya shafa kala uku a bango gwargwadon faɗin tire, muka gani da safe muka gani da magariba, ita da kanta ta zaɓi ruwan madara mai ɗan haske, aka bar ruwan tokar a bangon talabijin kawai. Fenti kuma aka sayi mai santsi wanda ake gogewa da jiƙaƙƙen tsumma, ya fi na gari tsada amma gidan da za a yi turaren wuta kullum a kuma haifi yara, shi ne daidai. Wolfefa ban bari an sa ba, na ga yadda take ɗagowa daga gefe a gidajen da bangonsu ke da danshi, kuma mai gida ma ba lallai ya yarda ba.

Sai babbar magana, kujeru da gado. Mun zaga shagunan kayan ɗaki na cikin gari mun sha kallo. Ko'ina ka shiga za a ce maka wannan ɗan Turkiyya ne wannan ɗan Chana ne, kuma da gaske akwai su, na Turkiyya yawanci daga garin Inegol suke fitowa na Chana kuma daga Foshan, amma kuɗinsu da dala ake lissafa shi. Akwai kuma da yawa da a nan Kano aka haɗa su, yadin ne kawai na waje, kuma ni wannan bai dame ni ba ko kaɗan, kafintocinmu sun iya aiki, in ka ba su hoto za su fitar maka da shi. Abin da nake so kawai a gaya min gaskiya. Duk kujerar da ta burge mu sai in ce a kifa min ita in ga ƙasanta, in ga katakon da aka yi ƙashinta da shi, in zauna in tashi in ga ko soson yana dawowa. Wani mai shago ya ce Hajiya ke kam kin cika bincike, na ce Alhaji yarinyar nan shekaru za ta yi tana zama a kai.

A ƙarshe kafinta muka ba wa. Yadda na zaɓe shi, ban kalli hotunan wayarsa ba don kowa yana da hoto, wata ƙawata ce da ya yi wa kaya tun kafin korona ta ce in zo in gani, na je na buɗe wadirob ɗinta na ja durowa na zauna a kujera, har yanzu ƙofofin suna rufuwa daidai. Muka zauna da shi da Baffanmu a matsayin shaida aka rubuta komai a takarda, irin allo, irin soso, irin yadi da lambarsa, awon kowane abu, ranar kawowa, kuɗi kuma kashi uku, na sayen kaya, na tsakiyar aiki in mun je mun gani, da na ƙarshe sai an kafa. Ranar da aka rubuta kuma na sa ta kafin biki da tazara mai kyau, don na san halin aikin hannu a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara.

Da kaina na bi shi 'Yan Katako na Na'ibawa, kuma a nan na ƙaru sosai. Ashe katakon da ake ƙashin kujera da shi in ɗanye ne, da hunturu ya busa zai bushe ya ja jiki, kujera ta fara ƙara tana girgiɗi, shi ya sa ake neman busasshe a kuma shafe shi da maganin gara kafin a rufe da soso. Allon da ake wadirob da kabad kuma kala-kala ne duk da a ido iri ɗaya suke, faɗin ƙafa 4 tsawon ƙafa 8. Akwai MDF, shi garin katako ne aka matse da gam, yana da araha yana da sumul amma abokin gabarsa ruwa, da ya sha ruwa zai kumbura ya fashe kuma ba ya komawa. Akwai HDF wanda ya fi shi matsuwa da nauyi da riƙe ƙusa. Sai wanda suke kira marin bod, shi falle-fallen katako ne aka haɗa kuma ya fi jure ruwa. Kafintan ya ce min, Hajiya, duk inda ruwa zai taɓa kar ki yarda a sa miki MDF ko da kyauta ne. To wadirob da gado aka yi da HDF, kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke aka yi da marin bod, kuma na roƙe shi duk bakin allo a rufe shi da tef ɗinsa har wanda ba a gani, don ta nan ruwan mofa yake shiga. Hinji da layin durowa ma na ce a sa masu kyau, su ne suke fara mutuwa a kayan yanzu, allon yana nan lafiya ƙofa ta saki.

Yadin kujera kuwa nan ne yayi da zaman gida suka fi yin karo. Abin da ake ji da shi yanzu wani farin yadi ne mai ƙudundune kamar gashin tunkiya, a hoto babu abin da ya kai shi kyau, Auta ta mutu a kansa. Na karɓi ƙyallensa a shago na kawo gida na ajiye a bakin taga, hunturu ya fara sauka lokacin, ba a daɗe ba na nuna mata yadda ƙura ta shige cikin gashin ta zauna, na ɗiga masa miya kaɗan muka goge ya ƙi fita. Karan-miski shi ma yana da kyau amma yana riƙe zafi kuma wurin zama yana kwantawa ya canja kala. Muka ɗauki yadi mai matsattsiyar saƙa, kalarsa tsakanin toka da ƙasa-ƙasa, wanda in ƙura ta hau ba ta tona asiri kuma ana gogewa. Kujera ɗaya doguwa mai kwana aka yi ta bi bango biyu, sai guda ɗaya ta mutum ɗaya, ƙafafunsu a ɗage yadda tsintsiya da mofa za su shiga ƙasa. Soso na ce a sa mai nauyi a mazauni ko da za a rage a jingina. Farin yadin nan da take so kuma aka yi mata filo-filo da shi masu zif, in sun yi datti ta cire ta wanke, ta samu abin da ranta yake so ba tare da ya zame mata wahala ba.

Gado shida da shida aka yi, da allon kai mai soso dogo irin wanda ake yi yanzu, amma na hana a manna shi a bango yadda wasu suke yi ya cinye bango guda, na ce a yi shi a jikin gadon yadda ranar tashi za a kwance a tafi da shi. Wadirob har sama aka kai shi don saman wadirob in an bar shi a buɗe matattarar ƙura ce, kuma akwatunan lefe suna buƙatar wuri, wannan mutane suna mantawa da shi sai ranar jere a rasa inda za a kai su. Katifa kam ban yi ciniki da ita ba, mai kyau aka saya.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo ta ji lissafin abin da za a kai, ta ce ba ta gane ba, ina shogilas, ina dainin, ina saitin kujeru na biyu, 'yar gidan nan guda za a kai ta da kujera biyu mutane su zo ganin ɗaki su ce mun gaza. Kuma maganarta ba ta banza ba ce, duk wanda ya san garin nan ya san 'yan ganin ɗaki har durowa suke buɗewa, kuma abin da suka gani shi za a yi ta maimaitawa a dangin miji. Iyaye da yawa bashi suke ci saboda wannan ranar guda, wasu har fili suke sayarwa, abin yana ci min rai ƙwarai. Na rasa yadda zan amsa mata ba tare da na yi rashin kunya ba, sai Umma ce ta karɓi zancen. Ta ce Yaya ki tuna namu jeren, gado mai rumfa da kabad cike da kwalla da samira da tangaran an jera har sama, ai ba don ado kawai iyayenmu suka yi mana ba, dukiya ce, ranar da mace ta shiga matsi sai ta zari saiti ɗaya ta ba dillaliya ta rufa wa kanta asiri. Ta ce kayan yanzu kuwa ranar da aka kafa su ranar darajarsu take faɗuwa, wa zai sayi kumburarren allo. Don haka ita shawararta kuɗin dainin da kujeru na biyu a saya wa yarinya ɗan kunne da zobe na gwal ta ajiye, sauran a ƙara a saya mata firiza. Gwaggo ta yi shiru can ta ce to Allah ya sa albarka, amma kuloli da tangaran kam sai an cika mata kicin, aka ce an yarda. Ni wannan zaman shi ya fi tsaya min a rai a duk hidimar, don ni ina ta kallon abin ta fuskar kyau da sarari, Umma kuma ta hango abin da jere yake nufi tun asali.

Labule Kantin Kwari muka shiga. A nan abin da zan ce a kula da shi awo ne, faɗin yadin ya ninka faɗin taga sau biyu ko fiye in ana so ya yi cika ya yi tattara mai kyau, in aka yi ƙwauron yadi ko mai tsada ne sai ya fito a tsiyace. Ƙarfen kuma a kafa shi can sama kusa da silin ya wuce taga hagu da dama, sai ɗakin ya ƙara tsawo a ido. Falle biyu aka yi, shara-shara na ciki da mai kauri na waje, na uwar ɗaka aka sa mai hana haske saboda ranar yamman nan. Na ce wa telan kar labulen ya ja ƙasa yadda ake yi a hoto, ya tsaya daidai saman tayil. Kicin kuma makafin labulen nan na roba da ake ja da igiya aka sa, don yadi a kicin maiƙo yake sha. Kafet ba a malale falon da shi ba, na tsakiya kawai aka saya wanda mutum biyu za su naɗe su fitar su kakkaɓe.

Fitila ita ma sai da aka yi magana. Yayin yanzu a cire fanka a rataya shandaliya a tsakiyar falo a dogara da AC, to a garin da watan Afrilu zafi yake wuce digiri 40, kuma a Afrilun 2024 aka ƙara wa 'yan layin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, kuɗin wuta ya kai naira 225 kowane yunit a lokacin, waɗanda ba sa layin kuma ba kullum suke da ita ba, ni ban ga yadda za a yi amarya ta zauna babu fanka ba. Aka bar fanka a tsakiya, aka sa ƙananan fitilun LED a kusurwoyin silin, aka raba musu makunni yadda ba sai an kunna duka ba. Masu hasken ruwan ƙwai aka sa a falo da ɗakin kwana don sun fi kwantar da ido kuma sun fi fito da kalar madarar nan, masu farin haske aka kai kicin da banɗaki. Siririyar fitilar nan ta igiya da ake ɓoyewa aka sa ta a bayan allon talabijin kawai, kuma na ce wa mai wutar ya bar ɗan akwatinta a inda hannu zai kai, don shi yake fara ƙonewa, in an binne shi sai an ɓalle allo. Ango ya ƙara da ƙwai biyu masu caji da fankar sola.

Kicin ban tsaya dogon yayi ba. Kabad na ƙasa da na sama, saman aka sa dutsen giranait don yana jure zafin tukunya da wuƙa, tukunyar gas aka fitar da ita baranda aka ja bututu. Robobi da bokitai da kwandunan ajiya a Ƙofar Wambai, tukwane da kuloli da tangaran a Sabon Gari. Yanzu komai baƙi da ruwan gwal ake yi ko fari tas, har robar gishiri da ta maggi sai sun yi anko, mun saya mata daidai gwargwado. Amma Umma ta sa an ƙara tukunyar dalma mai kauri da muciya da madambaci da rariya, ta ce waɗannan tukwanen masu santsi ba a tuƙa tuwo a cikinsu. Aka kuma bar gefe guda babu kabad saboda buhunan gara da jarkokin mai.

Ɓangaren da na fi jin daɗinsa shi ne ranar da muka shiga Kasuwar Kurmi. Kasuwar nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, kuma har yau in ka kutsa lungunanta za ka samu dukawa da masu faifai da masu ƙwarya. Abin da ya kai ni, a cikin hotunan Auta na gidajen Turawa da na Larabawa sai na yi ta ganin an jera faifai a bango an ajiye tum-tum na fata a ƙasa, abin da muke da shi a gida ake saya da tsada a can. Muka zaɓi faya-fayai masu kala manya da ƙanana aka jera su a bangon da ke fuskantar ƙofa, muka sayi tum-tum biyu na jar fata, muka biya Karofin Ƙofar Mata muka sayi yadin rini mai shuɗi aka ɗinka rigar filo da shi. Duka kuɗinsu bai kai na fulawar roba guda ɗaya da muka taya a shago ba. Na so a ce an samu mai zanen bango irin na Gidan Makama ya fitar mata da dagi a bango ɗaya, amma gidan haya ne, na bar wa ranar da suka yi nasu. Ɗaki na biyu kuma ba a sa gado ba, kafet aka shimfiɗa aka jera kujerun ƙasa irin na Larabawa a bango biyu, baƙi su zauna, mai kwana ya kwana, nan ne kuma wurin sallarta.

Kafintan bai cika alkawari a ranar da aka rubuta ba, sai da Baffa ya taka har shagon, kuma da yake kason ƙarshe yana hannunmu kayan suka iso da sauran lokaci. Ranar kafi na tsaya a kansu har aka gama, duk ƙofa na buɗe na rufe, durowa ɗaya tana cijewa aka gyara a take, allon talabijin na sa aka ɗaure shi da ƙusoshi masu kama bango sosai, sannan na biya. Washegari su Gwaggo da ƙannen Umma da matan yayyenmu suka zo jere, aka wanke aka goge aka shimfiɗa zanin gado aka jera kicin, aka kunna kasko aka zuba turaren wuta na Maiduguri, na dai roƙe su a ajiye kaskon nesa da labule da jikin kujera. 'Yan ganin ɗaki sun zo, akwai wadda ta tambaya ina dainin, Gwaggo da kanta ta ce mata yarinyar a ƙasa ta saba cin abinci, da yawa kuma faya-fayan bangon nan suka tsaya ɗauka a waya suna tambayar inda aka samo.

Bayan damina ta wuce na je na duba kayan da idon basira. Kujera ba ta zauna ba, fentin ta goge shi ya fita tas, fitilar bayan talabijin ta mutu an canja akwatinta ba a taɓa allon ba. Ƙofar wadirob ɗaya ta ɗan sauka, na kira kafintan ya zo ya ɗaure hinjin. Bangon da ke jikin banɗaki ya fara nuna danshi daga ƙasa, an gaya wa mai gidan, kafin ya turo mai gyara mun matsar da wadirob ɗin daga jikinsa kaɗan don kar allon baya ya sha. Inda da dainin zai zauna nan firizar take, Auta tana ƙulla zoɓo da kunun aya tana ba yaran makwabta suna kai mata shagon bakin layi.